Kwan Fitila Ɗaya Na Je Saye

Ranar da albashi ya shigo na zauna da biro da takarda na yi kasafi, sai ka ce ministan kuɗi. Shinkafa kaza, kuɗin makaranta kaza, adashi kaza, har da wani layi mai suna "ajiya". Maman Abba ta leƙo ta gani, ta yi murmushi, ta wuce abinta. Na ninke takardar na soka a aljihun gaba, na tari adaidaita zuwa kasuwar Sabon Gari. Kwan fitila ɗaya na je saye.

A hukumance sunan Abubakar Rimi aka sa wa kasuwar, amma da a ce da ni aka yi shawara, da "Alhaji Taɓa Ka Ji" za a kira ta. Ni dai ban taɓa zuwa Makka ba, filin jirgin Malam Aminu Kano ma daga waje nake hango shi, amma kafin in wuce rumfa uku an naɗa ni Alhaji sau biyar. Wani mai kayan wuta, ɗan ƙabilar Ibo da Hausarsa ta fi tawa zaƙi, ya ce, "Alhaji, kallo ai kyauta ne." Ya kunna mini fanka mai caji a fuska. "Irinku ba sa kwana cikin zafi." To wa zai tsaya tsakiyar kasuwa ya rantse shi ba irinsu ba ne? Na taya, ya ce albarka. Na juya kamar zan tafi, ya ce kawo. Na fito ina taƙama da dubu biyun da na ƙwato, dubu talatin ɗin da suka tafi ko gaisawa ba mu yi ba.

Da can kuɗi na da nauyin fita. Sai ka tofa yawu a yatsa, ka ƙirga, zuciya ta sosu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 muka koyi taransfa, "ban fito da kuɗi ba" ta daina ceton kowa. Lambar asusu na manne a bango, mai POS na ƙarƙashin lema yana jiranka.

Ina fitowa waya ta yi ƙara. "Baban Abba, tunda kana kusa da kasuwar Kwari, ankon bikin 'yar maƙwabciyarmu ya fito." Anko kuwa ba a kai shi gaban majalisa. Daga can na faɗa kasuwar Singa, aka ce katan ɗin taliya gobe zai tashi. Abin haushin, tun da aka cire tallafin mai wannan barazana takan zama gaskiya, don haka na ɗauki biyu.

Da magariba na iso gida, yaro na biye da ni da kaya a ka. Na zaro takardar kasafin, ashe a bayanta mai fanka ya rubuta mini lambar asusunsa. Maman Abba ta haska ni da fitilar waya.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ina kwan fitilar?"