Kujerar Alhaji a Wembley

Filin Wembley na ɗaukar mutum 90,000, amma a wasan ƙarshe na Kofin FA na 2014 tikiti 25,000 kacal aka ba Arsenal, aka ba Hull City kwatankwacinsa. Masu tikitin shekara na Arsenal ma sun fi haka yawa, balle ni ɗan karatu a Landan da ko sunana ba a sani ba. Saura kuwa, wasu na manyan ƙwallo ne, kusan 17,000 kuma na 'yan Club Wembley, masu biyan kuɗin kujera na shekaru a bene na tsakiya, ko wa ya zo wasan ƙarshe kujerarsu na nan.

Ashe wani Alhaji abokin kawuna na cikinsu. Bai san bambancin kwana da fenareti ba, don baƙin kasuwanci ya saya.

"Ranka ya daɗe, Asabar za ka je?"

"Ina? Ungo, yaro. Ka ci abinci sosai, an riga an biya."

Umarnin babba ba a ƙinsa. Na cika ciki har da kifin da ban san sunansa ba, na je na zauna. Minti takwas da farawa Hull ta zuba mana biyu. Baturen da ke gefena ya ɗago daga wayarsa, ya tambaye ni su wane ne masu jar riga.

Baƙin ciki ya kore ni ciki neman shayi. Ina zuba sukari filin ya ɗauki ihu: Cazorla ya farke ɗaya. Na dawo da gudu, na kafa ido har bayan hutun rabin lokaci, shiru. Da na ga La'asar na neman kuɓucewa, na tashi. Ina sallamewa, Koscielny ya farke ta biyu.

Bakina ne ya ja mini, don na faɗa wa ƙanena da ke gidan kallo a Fagge cewa duk sanda na tashi daga kujerar sai mu ci. Da aka shiga ƙarin lokaci sai ga kira, ina jin hayaniyar mutum kamar ɗari a bayansa.

"Yaya, don girman Allah ka tashi daga kujerar nan. Shekara tara ba mu ɗau kofi ba."

"Kai, ka san kuɗin kujerar nan kuwa?"

"Jama'a ne suka ce, Yaya. Har da Liman."

Na tashi. Ƙwallon Ramsey ta minti na 109 a talabijin ɗin zauren cin abinci na gan ta, ni da wata mai kwashe faranti.

Washegari Alhaji ya kira. Bai tambayi wanda ya ci ba, cewa ya yi yaya na ji naman ragon.