Murfin da Ya Tashi a Modena

Asabar ɗin da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya na rana, a hawa na biyu na wani tsohon gida a birnin Modena na ƙasar Italiya, wani ɗalibi ɗan Zariya ya feshe mai gidan hayarsa da khal ɗin da mahaifinta ya fara tara mata tun shekarar da aka haife ta. Har yau ta ƙofar baya yake fita.

Niyyarsa kyakkyawa ce. Tsohuwar ta daɗe tana aiko masa da taliya da cuku, sai ya ga lokaci ya yi da zai rama alheri, kuma da abincin ƙasarta. Ya shiga YouTube ya tarar da wata Ba'amurkiya tana koyar da yankakken salak irin na Italiya: latas, ƙananan tumatir, jar albasa, dafaffen waken ceci, cuku da salami, kowanne a yanka shi ƙanana yadda cokali ɗaya zai kwaso duka. Salamin gari na alade ne, don haka ya sayo na naman sa wurin wani mahauci Bamaroke. Ya kuma gayyato maƙwabcinsa na ƙasa, wani Alhaji ɗan zangon Kumasi da ya tsufa yana aiki a masana'antar tayil a Sassuolo, wai don a sami shaida.

An kuwa samu.

Abin da Ba'amurkiyar ba ta faɗa ba shi ne salak ɗin nan haifaffen Amurka ne. Ya yi suna ne a La Scala, gidan abincin da Jean Leon ya buɗe a Beverly Hills a 1956, inda taurarin fim ke cin rana, kuma shi Leon ɗin ma mutumin Santander ne a ƙasar Sifen. Italiyawa kuwa ganye suke kawowa tebur, a ajiye gishiri da khal da man zaitun a gefe, a haɗa nan take. Tun a 1614 wani ɗan Modena ɗin nan, Giacomo Castelvetro, yana zaune a Ingila ya rubuta littafi kan ganyaye da 'ya'yan itatuwan ƙasarsu, yana kukan yadda mutanen can ke nutsar da salak cikin khal. Wato a duk garuruwan duniya, gogan naku ya zaɓi wanda mutanensa suka shekara 400 suna yi wa jama'a faɗa a kan wannan magana.

Saura mahaɗi. Ka'idar mai sauƙi ce: kashi 3 na man zaitun, kashi 1 na khal, a ƙara tafarnuwa, oregano, gishiri da cokalin mustad, a zuba a kwalba a girgiza. Girgizar ce ke farfasa man ya zama ɗige-ɗige cikin khal ɗin, mustad kuma ya riƙe su kada su sake rabuwa da wuri. Ba'amurkiyar ta ce a yi amfani da jan khal, shi kuwa da ya ɗauko kwalbar a shago ya ga an rubuta vino, wato giya, ɓaro-ɓaro a jikinta, sai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Malamai da yawa sun halatta khal ko daga me aka samo shi, amma gogan bai tsaya neman fatawa ba, domin ya tuna akwai wata 'yar kwalba marar takarda a bayan kabad, wadda tsohuwar ta ba shi ranar da ya gyara mata waya. Ta miƙo masa ita da hannu biyu a lokacin. Bai lura da hannu biyun ba.

Balsamiko ne na gargajiya. Ana dafa ruwan inabi har ya yi kauri, a zuba a jerin ƙananan ganguna na itace daban-daban, a ajiye su a ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gida inda zafin bazara da sanyin hunturu ke dukansu, kowace shekara a ɗiba kaɗan daga babbar ganga a cika ƙaramar da ke binta. Doka ba ta yarda a sayar da shi da wannan suna ba sai ya shekara 12, mafi daraja kuma 25, a kwalba mai mililita 100 kacal. Tsofaffin gidajen Modena kan kafa gangunan idan an haifi 'ya mace, su zama cikin kayan aurenta. Ɗigo ake yi da shi a kan cukun Parmigiano, ɗigo biyu ko uku, a rufe. Gogan ya auna mai mililita 300, ya yi lissafin makaranta, ya tuntsurar da kwalbar kaf cikin wata tsohuwar kwalbar zuma. Da ya ga yana fita a hankali, baƙi, da kauri kamar maɗi, har bubbuga gindinta ya yi.

Baƙi sun zauna. Tsohuwar ta sha farar riga da tabarau mai igiya, ta leƙa kwanon ta tambaya cikin ladabi abincin wace ƙasa ne. Ya ce na Italiya. Ta sake leƙawa ta ce to, ƙila na kudu ne.

A nan ne ya yanke shawarar yin girgizar a gabansu, don a bidiyon ma a gaban kyamara aka yi. Hannunsa duk mai. Murfin ya hau a karkace, ya murɗa ya ji ya tsaya, ya ɗauka ya kama. Ya ɗaga kwalbar da hannu ɗaya daidai kafaɗa, yana murmushi, ya kai ta sama ya dawo da ita ƙasa. Lafiya lau. Ya sake kai ta sama da ƙarfin mai son burgewa, kwalbar ta tsaya inda hannu ya tsaya, murfin da abin da ke ciki suka ci gaba da tafiya.

Shi dai abin da ya fi tunawa shi ne sauƙin da kwalbar ta yi a hannunsa farat ɗaya. Sai ƙarar murfin a jikin fitila, ƙwal, sai shiru. Bai daina murmushin ba, domin fuskarsa ba ta sami labari da wuri ba. Ya ga layi baƙi ya tashi daga bango ya haye silin ya gangaro ta ɗaya ɓangaren, kuma a ƙarshen layin tsohuwar ce zaune, hannuwanta a kan cinya. Ruwan ya raba farar rigar biyu daga kafaɗa zuwa ƙugu. Gilashin tabarau na hagu ya rufe ruf. Wani ɗan guntun tafarnuwa ya sauka a kan girarta ya zauna, kuma duk wanda ke ɗakin ya ga lokacin da ya fara zamewa a hankali, ya bi gefen hanci, ya tsaya a leɓen sama. Daga silin kuma ɗigo na faɗowa cikin kwanon salak ɗaya bayan ɗaya, wanda shi ne karon farko a ranar da aka yi amfani da balsamikon yadda ya kamata.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Harshe ta fitar ta taɓa leɓenta, ta lumshe ido, kuma ana iya ganin daidai lokacin da ta gane ɗanɗanon. Ta buɗe idon da khal bai rufe gilashinsa ba, ta nemo 'yar kwalbar a kan kanta, wayam, ta dawo da kallonta kansa. Kalma ɗaya ta faɗa, da sigar tambaya, sunan tafarnuwa da Italiyanci. Zubarwar ba ta yi mata ciwo kamar tafarnuwar ba.

Alhaji ne ya fara magana, bayan ya janye kujerarsa daga inda ke ɗiga.

"Yaro, ai murfin ne bai rufu ba."

"Na gani, Baba."

"Irin wannan da hannu biyu ake yi. Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa." Ya ɗauki kofin ruwa ya nuna yadda ake yi, a natse, har sau biyu, ya juya ya nuna wa tsohuwar ita ma ko za ta buƙata wata rana. Sannan ya sunkuya ya shafa ƙasa da yatsa, fuskarsa ta washe. Ya ce kada kowa ya tayar da hankali, tayil ɗin nan nasu ne, ya san shi, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Don haka babu abin da ya ɓata, a kawo cokali a kwashe a mayar cikin kwalba, man zai taso sama da kansa a tsiyaye shi. Wannan na ƙarshen gaskiya ne ma a kimiyyance, da ba don mustad ɗin ba, wanda aikinsa kenan ya hana.

Gogan ya miƙa wa tsohuwar tsumma. Tsumman da ya goge wuƙar albasa da shi ne.

"Gishiri," in ji Alhaji. "A barbaɗa wa rigar gishiri tun tana jikinta." Babu wanda ya motsa. Ya ɗaga kai ya daɗe yana nazarin silin, yana girgiza kai irin na wanda ya sha gargaɗin mutane ba su ji ba, ya ce matsalar gidajen Turawa kenan, sai su shimfiɗa tayil a ƙasa su bar sama da fenti. Da har can aka manna, da shafa ɗaya ya isa. Ya ce wa yaron ya fassara mata cewa yana da wanda ya sani a sashen rangwame, sannan ya jawo kwanon gabansa ya tambaya ko akwai yaji.