Kwamfuta Ba Ta San Zanen Gobir Ba

Taubashi, ɗan kawuna na Tibiri, gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa baransa. Labari ya same ni har nan Maradi cewa ka tara jama'a a ƙofar shagonka kana rantsuwa wai an yi wa kwamfutocinka sammu, har kana cigiyar mai turare. To ajiye kaskon wuta. Babu wanda ya jefe ka, kai ka jefi kanka. Kuma kada ka ce za ka yi fushi don na fasa ƙwan a jarida, wasan nan namu tun 2014 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya, ba ka da kotun da za ka kai ni.

Ga yadda shagon yake, don masu karatu su yi mana alƙalanci. Kwamfuta uku ce da injin hotokofi guda. Babbar, wadda ya raɗa wa suna GOBIR, ita ke riƙe da dosiyen da kowa ke ajiye aiki: takardun neman aiki, katin biki, kundin ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu gudun tsadar birni. Ƙananan biyu ta rezo suke shiga wurinta. Ran nan suka ce ba su san zancen ba, shi kuwa ya tsaya gabansu yana faɗin "ni na fa, mai shagon!" Taubashi, ka saba duk inda ka shiga a dubi kumatunka a san ko kai wane ne. Kwamfuta ba ta karanta zane. Suna take so da kalmar sirri, kuma wadda aka ba ta ajiya ita za ta miƙa, ko da ta shekara da mutuwa.

Ka tuna ranar da aka haɗa su, akwai ɗan akwati ƙarƙashin wurin rubuta kalmar, mai cewa a adana. Ka danna shi saboda ƙiwar rubutu. Da ka sallami yaron shagonka ka canza kalmar a kan GOBIR, kana ta yabon kanka, ba ka gaya wa ƙananan ba. Suna nan suna kai tsohuwar, ana koro su. Sabbin Windows 11 kuwa in an yi kuskure sau goma sukan rufe mai sunan na minti goma, shi ya sa ko ka rubuta daidai ake hana ka, ka je ka yi salla ka dawo ka tarar ta buɗe, kai kuma ka ce addu'arka ce ta ci. Maganin bai kai kuɗin goro ba. Tunda Windows ɗinka na Faransanci ne, ka nemi Gestionnaire d'identification, ka shiga sashen Windows, za ka ga GOBIR zaune da tsohuwar ajiya. Ka share ta. In ka sake shiga za a tambaye ka, sai ka ba da sabuwa.

Sai dai sabuwar ma na san ta. Duk Bagobirin da aka ce ya zaɓi kalmar sirri, Bawa Jangwarzo zai rubuta, sai ka ce babu wani sarki da aka taɓa yi a duniya. A nan ne abin ya ba ni dariya har na riƙe ciki. Kwamfutarka ta uku ta hannu ce, daga Kano ka sayo ta, ta biyo Jibiya da Ɗan Isa, madanninta jerin Ingilishi ne. Wanda ya zuba mata Windows kuwa ya bar ta a jerin Faransanci irin namu na Nijar, inda A da Q suka yi musayar gida, W da Z ma haka, M ya ƙaura, lambobin sama kuma sai an haɗa da maɓallin manyan baƙaƙe. Ka duba sunan gwarzon naka: A huɗu, W biyu, Z ɗaya. Kana danna bawajangwarzo, ita tana karɓar bqzqjqngzqrwo, kuma da yake ɗigo-ɗigo kawai take nuna maka, ba ka gani. Mutumin da ya girgiza ƙasar Hausa daga Alƙalawa, jikansa ya mai da shi Bqzq! Ka dubi ƙasan allo, akwai ƴan baƙaƙe masu nuna FRA ko ENG, ka daidaita su da madannin da ke gabanka. Kalmar kuma ka canza ta yau, tunda ga shi duk Katsinar Maradi ta ji.

Wata rana kuma kwamfutar ta ce maka kuskure 1219, ka rubuta lambar a takarda ka kai wa mai duba. Ma'anarta dai Windows ba ya yarda mutum ɗaya ya shiga kwamfuta ɗaya da suna biyu a zama guda. Yaronka ya shiga GOBIR da wani suna tun safe bai fita ba, kai ka zo da naka. A adana aikin da ke buɗe, a rubuta net use * /delete a baƙin allon umarni, ko a fita a sake shiga, magana ta ƙare.

Wutar lantarki ma tana da nata kason, ba zan ɗora maka duka ba. Kwamfuta kowace tana da lambar gida da akwatin rezo ke ba ta, irin 192.168.1.5. Kai da lambar ka yi ajiyar, ba da suna ba. In wuta ta ɗauke ta dawo, akwatin yana iya sake rabo, GOBIR ta tashi da wata lamba, ƙananan su je tsohon gida su tarar ba kowa. Ka tuna watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta, ai a ranar ɗaya sai a yi haka sau nawa. Ka sa a kafe mata lamba guda da ba ta motsi. Af, wutar nan ma ta layin Katsina take zuwa. Tun 1836 da aka watsa ku a Gawakuke kuka zo muka taya Sarki Mayaƙi kafa Tibiri, har yau a jikinmu kuke jin ɗumi.

An ce wani gwani ya ba ka shawarar kunna SMB1 don tsohon injin hotokofinka ya riƙa jefa takarda cikin dosiye. Ta wannan tsohuwar hanya cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila. Kada ka kunna ta, ka ɗauki takardar da kilen USB, ƙafarka ba ta karye ba.

Yanzu bari in cire hular wasa kaɗan, don wannan ba kai kaɗai ya shafa ba. Kowa a shagonka da suna ɗaya yake shiga, sunan mai gida, mai ikon komai. Sakataren ƴan lambu ya taso daga Jiratawa ya buɗe wasiƙunsa don tura lissafin zogale, Chrome ya tambaye shi ko a adana kalmarsa, bai ji Faransancin ba ya danna i. Ɗaliba ta buɗe Facebook ta tashi ba ta rufe ba. Duk wanda ya zauna bayansu ya gaji sirrinsu kyauta, kai kuma kana bakin ƙofa kana shan shayi. Amana suka ba ka, kuma tun 2017 ƙasar nan ke da dokar kare bayanan mutane. Ka buɗe wa baƙi suna nasu daban marar iko, ka hana Chrome ajiyar kalmomi, kowane yaron shago ka ba shi nasa sunan, ranar da ya tafi ka rufe nasa kaɗai ba sai ka birkita kowa ba. Takardar nan da ka manna a gefen allo mai ɗauke da kalmar sirri, da jan biro har da ja mata layi, ka yage ta.

In duk wannan ya fi ƙarfin kan Bagobiri, ka turo mani ɗan kabu-kabu ranar Asabar, kuɗin mai a wuyanka. Aikina jikka biyar ne, ban da kuɗin sharar bara da kake ta yi mani kwana-kwana a kansu, kuma ka gaya wa matarka fura nake sha, ba shayi ba.