Jinjina ga Sarkin Latsa Maɓalli

Allah ya ja zamanin mai situdiyo, bajimin ɗaki ɗaya da fanka, toron giwar da ke kaɗa wa gari guda biki da ɗan yatsa, mai tafin hannun da bai taɓa ɓaci da fatar ganga ba! Daga Bwari zuwa Dutsen Alhaji, daga Kubwa har gindin duwatsun Ushafa, babu kunnen da bai sha daga kogin fasaharsa ba. Waƙar amarya, waƙar ɗan takara, tallar maganin basir, duk a kan kiɗa ɗaya tak yake ɗora su, domin sarki adali ba ya bambanta talakawansa.

Sai an dubi wuyar da mutanen da suka sha kafin a san girman wannan bawan Allah. A 1985 kamfanin Atari ya fito da kwamfutar gida mai suna ST, da ramukan MIDI biyu a jikinta, inda ake soka wayar da ke ba fiyano umarni: buga nan, tsaya can, maimaita. A kanta manhajar Cubase ta fara fitowa a 1989, daga birnin Hamburg na Jamus. Ƙwaƙwalwar ƙaramar ST kilobayit 512 ce, ko hoto guda na wayar yau ya fi ta nauyi. Kishiyarta Amiga kuwa murya huɗu kacal take fitarwa a lokaci ɗaya. A 1987 wani Bajamushe, Karsten Obarski, ya rubuta mata Soundtracker, inda kiɗa ke gangarowa a allo cikin layuka huɗu na haruffa da lambobi, kamar littafin bashin mai kanti. Makaɗi zai ɗauko bugun ganga guda, ya datse masa kai, ya datse masa wutsiya, ya yi ta auna shi awon zinariya, don ya samu masauki a faifan da ba ya cin megabayit ɗaya. In yana son murya ta biyar, sai ɗaya ta yi shiru ta ba ta wuri. Abin tausayi, an tilasta wa bayin Allah nan su yi tunani kafin kowane bugu, su kuma saurari abin da suka buga. Har a 2007 akwai masu taurin kai irin su Calvin Harris na Sikotland, da ya haɗa kundin waƙoƙinsa na farko a kan Amiga, mutane kuma suka rasa abin yi da kuɗinsu suka saya.

Gwarzonmu dai Allah ya tsare shi daga wannan ƙangi. Kwamfutarsa ta ninka waccan ƙwaƙwalwa sau dubbai, tana ɗaukar layin kiɗa ɗari ko tari ba ta yi, amma dubi gudun duniya irin na waliyyai: bai taɓa ƙara ko bugu ɗaya a kan abin da ya tarar a cikinta ba. Mamman Sani na Yamai, da ya zauna a 1978 da ɗan fiyanon lantarki guda yana tatsar amon sahara daga cikinsa, ai da ya ga wannan ƙana'a da ya huta.

Ga kuma kamun kai, babbar rigar manya. A Ushafa matan Gbagyi na gina tukwane da hannu, a cibiyar da aka kafa ƙarƙashin shirin Maryam Babangida na inganta rayuwar matan karkara, wadda shugaban Amurka Bill Clinton ya tako ya gani da idonsa a watan Agustan 2000. Kowace randa tana da muryarta. Mai saye ma da ƙwanƙwasa yake raba lafiyayya da mai tsaga, ya kara kunne, ya ji wannan ta yi ƙara tas, waccan ta amsa a shaƙe. Da mai Amiga zai faɗo wurin nan, da ya kwana tsugune cikin yumɓu yana ɗibar sauti, ba ko kunya. Namu kuwa ɗan mutunci ne, makirufonsa bai taɓa taka ƙasa ba. Gara ya sayi data ya sauko da bugun ganga daga ƙasar da ba ta san kalangu ba, don baƙo ya san ana girmama shi.

Jinƙansa ma ya game makaɗa. Kotso, kukuma, gurmi, shantu, duk ya sallame su su huta, mai kalangu ya rataye kayan wahala ya hau acaɓa yana shan iska. Mawaƙin da muryarsa ta karkace, manhaja ta miƙe masa ita, har ba a gane ango ake yabo ko injin niƙa ne ke kuka da daɗi.

Don haka, makaɗan Ushafa, in bikin girbi ya zo ku sassauta hannu. Iyayenmu masu tukwane, ku riƙa ƙwanƙwasawa a hankali. Sarki na ciki yana sauke ganga daga intanet, kada amonku ya shiga masa ɗaki.