Injiniyan Bola

Zafin azumin 2024 ne ya ja mini. Wanda bai taɓa kwana a ɗaki ciki ɗaya a Agege cikin watan Maris ba, babu wuta, babu iska, sauro na yi masa goge a kunne, ba zai gane ba. Janareta kuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na lulluɓe shi da tsohon zani. Na je Ikeja neman fanka mai caji, da na ji kuɗinta sai na yi wa mai shago fatan Allah ya kawo kasuwa, na kamo hanyar gida.

A daren na ga wani Ba'indiye a YouTube ya haɗa fanka da tsofaffin baturan kwamfuta cikin minti tara. Ni tela ne, shekara ashirin ina gyara kekena da kaina. Na ce to, me ya rage?

Da safe na nufi filin da 'yan gwangwan ke juye kayansu a bayan layinmu. Yaranmu ne na Arewa, masu tura kura lungu-lungu suna kiran "kwandam!" Can za ka ga an ware jar waya gefe, alminiyam gefe, ƙarfe gefe, kowanne da farashinsa a kan sikeli. Na tsinci baturan laftof huɗu da wata 'yar fanka da aka ciro daga cikin kwamfutar tebur.

Wani yaro daga cikinsu ya dube ni ya ce, "Kawu, waɗannan fa sun mutu. Masu rai tuni muka kai wa masu gyara a Computer Village."

Na ce, "Yaro, abin da babba ya hango, ko ka hau rimi ba za ka gan shi ba."

Ya karɓi dubu shida bai ƙara tankawa ba.

Ilimin dai na kwashe shi, kada a raina ni. A cikin kowane batir akwai ƙwayoyi shida kamar yatsun ƙato, ana ce musu 18650, wato kaurinsu milimita 18, tsawonsu 65. Kowace na ba da bolt 3.7, in ka jera uku sai ka tasar wa 12, daidai abincin 'yar fankar. Abin da ban kwasa ba shi ne tsakiyar bidiyon, inda na tsallake don tattalin data. Ashe a nan ne mutumin ke auna kowace ƙwaya da mita yana zubar da matattu, a nan ne kuma yake liƙa wani ɗan allo mai yanke caji idan batir ya ƙoshi.

Makunni ya gagara, na cire na rediyon uwargida. Waya ta gaza, na yanke ta dutsen guga. Mazubi kuwa, kular da take zuba kunun buɗa-baki na huda.

"Malam, wai me kake ƙerawa ne?"

"Ke dai ki tanadi bargo."

Kuma wallahi fankar ta juya! Na kira maƙwabta, har da Baba mai gidan, dattijon Bayarabe mai yawan haƙuri. Ya kara tafin hannunsa a gaban fankar, ya daɗe yana jira, sannan ya ƙyasta ashana ya riƙe a wurin. Ashanar ta ci har ta ƙone masa yatsa. Bayan minti huɗu fankar ta tsaya don kanta.

Na ce yunwa take ji. Na jona mata cajar laftof mai bolt 19, na ajiye ta a kan ɗinkin sallar mutane, na kwanta.

Wajen ƙarfe biyun dare aka kawo wuta. Wani huci na fara ji kamar na kumurci, sai wari, sai hayaƙi. Ana cewa namiji shi ne garkuwar gida. Ni dai a bakin titi na tsinci kaina da gajeren wando, ina salati. Uwargida ce ta fito da yara, ta koma ta kashe soket, ta janyo kular da muciya zuwa tsakar gida ta kife mata bokitin yashi. Shaddar wani Alhaji, yadi biyar, ta samu taga a daidai ƙirji. Har bayan sallar layya ina biya.

Washegari na kira yaron nan. Ya ɗora tarkacen a sikeli, ya ce ɗari huɗu. Ya juya rediyon a hannu ya ce, "Kawu, wannan ai da lafiyarsa ƙalau, wa ya yi masa haka?" Na ce yara ne.

Har ya kama kurarsa sai ya waiwayo. "Babu sauran kwandam a gidan?"

Daga bayan labule uwargida ta ce, "Akwai injiniya guda. Nawa kuke sayen kilo?"