Mujiya da Ɓeran Silin

Gatanan gatananku. Ta zo mu ji ta.

An yi wani manomi a ƙasar Bebeji, kusa da madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974. Noman rani ya karɓe shi, sai ya rushe soron azara, ya buga kwano, ya sa silin. Tsakanin kwano da silin kuwa gari ya kafu: Jemage a kusurwa, Gizo a jikin katako, Ɓera da iyalinsa ko'ina. Daga baya Mujiya ta sauka, ta baro dajin Falgore bayan masu gawayi sun sare bishiyarta.

Tun daga ranar Ɓera bai ƙara barci da ido biyu ba. Kullum dare sai an rasa wani a gidansa. Ya tafi wurin Gizo, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, baƙuwar nan za ta ƙarar da mu."

Gizo ya ce, "Bar ni da ita. Ƙarfi ba ya kai ta ƙasa, baki ne zai kai ta."

Da tsakar dare ya sulalo ta zarensa har kunnen uwargida, ya raɗa mata cewa gidan da mujiya ta yi kuka, makara ce ke fita. Gari na wayewa ta tubure. Maigida ya hau tsani da kaskon garwashi, ya barbaɗa barkono. Mujiya ta fice tana tari, Jemage ya bi ta, alhali laifinsa kawai cin sauro.

Matar Ɓera kuwa cikinta mako 3 ne, haihuwa ɗaya ta kan zubo fiye da 10. Kafin kaka silin ya zama filin sukuwa. Suka huda buhunan shinkafa, suka gwigwiyi wayar lantarki, kashinsu na zubowa ta tsagar silin cikin kwanon tuwo. Sauro ma ya samu sake.

Maigida ya sayo guba a Kwanar Dangora. Ɓera guda ya ci, ya fito yana tangaɗi, Kyanwa ta cafke shi, da yamma aka tsinci gawarta bayan randa. Wasu suka mutu a sama, ɗoyi ya hana kowa zama ɗaki, waɗanda suka tsira suka ci gaba da haihuwa. Da autan gidan ya kwanta, malamar asibiti ta ce zazzaɓin sauro ne, amma a kiyayi fitsari da kashin ɓera, don ta nan zazzaɓin Lassa ke kama mutum, cutar da aka fara ganowa a Borno a 1969.

Maigida ya nemi Mujiya har ya same ta a kogon wata kuka.

"Iya, na yi miki rashin adalci. Ki dawo."

Ta ce, "Maigida, silin ba wurina ba ne, matsuwa ce ta kai ni. Kwashe gawarwakin, amma ka rufe hanci da hannu. Toshe kowace kafa da siminti da ragar waya, hatsi ya koma duro mai murfi. Tsamiyar ƙofar gidanka kada gatari ya taɓa ta, kada yaro ya jefe ni, gubar nan kuma ka bar ta, don wanda ya ci ta ni zan ci."

Haka aka yi. Ɓera ya kwashi ragowar iyalinsa zuwa gidan maƙwabci, ya goya Gizo, don can ma akwai wata mujiya a bakin katanga.

Ƙurunƙus.