Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Baba Maigadin BIOS

Zuwa ga Baba Fasuwod,
Maigadin Ƙofar BIOS,
Cikin Tsohuwar Kwamfutar Ofis.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya tsayuwar dare? Na san ba ka amsa gaisuwa. Ko sarki ne ya yi maka sallama, abin da zai gani shi ne ɗan akwatin nan a tsakiyar allo da siririn layi yana ƙyafta ido. Amma an hore mu da gaida na gaba kafin a shigar da ƙara, ko da kuwa shi ne wanda ake ƙarar.

Dalilin rubuto maka wannan takarda, Baba, shi ne in sanar da kai wani labari da na lura babu wanda ya tsaya ya gaya maka. Ofishin da ya ɗauke ka aiki ya tashi. Masu ba da tallafi sun janye hannu, kwantiragin kowa ya ƙare, an sauke allon da ke bakin get, har mai ginin ya zuba sababbin 'yan haya. Kujeru da firiji da janareto duk an yi gwanjonsu. Kwamfutar da kake gadi kuwa ni ta faɗo wa, da rana tsaka, a gaban shaidu. An yi mata kuɗi, an zare daga haƙƙina na sallama, mai kula da sito ya ba ni takarda mai hatimi, akanta ya sa hannu. Daga caji ofis har gaban alƙali, wannan takarda ta isa ta mai da ni mai kaya. Kai kaɗai ne ba ka karanta takarda.

Kuma ba wani abin ƙi nake nema ba. In na kunna ta, kana barina in wuce har zaure, inda Windows ɗin ofis ke tambayar sunan ma'aikaci da lambar da aka soke tun ranar da aka sallame mu. Abin yi a fili yake: a goge tsohon, a zuba sabo. Dama Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka ko ba wannan rigima lokacin sauyi ya yi. To, zuba sabo sai kwamfuta ta tashi daga filash. An hana ta tashi daga filash. Wurin da ake ɗage wannan hani yana bayan ƙofar da kake tsaye a kai. Kai kuma kalma ɗaya tak kake jira, wanda ya kuskure sau uku ka ƙame masa, sai ya kashe ya sake kunnawa, ya tarar da kai a inda ya bar ka.

Na binciki asalinka, domin ba a shiga shari'a da mutumin da ba a san gidansu ba. Gidan da kake gadi tsoho ne. Sunan BIOS ya fara bayyana a 1975 a cikin manhajar CP/M ta Gary Kildall, sannan kwamfutar IBM ta 1981 ta yaɗa shi duniya. Shi ne ɗan shirin da ke fara farkawa da zarar an danna maɓallin wuta, ya duba kibod da allo da ma'ajiya, sannan ya je ya taso Windows. Yanzu an rushe tsohon ginin an yi sabo mai suna UEFI, amma kai ba a taɓa kujerarka ba.

Kakanninka na shekarun 1990 mutanen kirki ne, masu sauƙin kai. Suna riƙe kalmar ne a wata 'yar ma'ajiya da ke rayuwa da ƙaramin batir ɗin nan mai faɗi, CR2032. A zare shi, a ɗan dakata, a mayar, shi ke nan sun manta da duk wata gaba. Wasu ma akwai kalmar dangi da kowane mai gyara ya haddace, irin su AWARD_SW, da an faɗa musu sai su matsa gefe. Kai kuwa ɗan zamani ne. A kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake ƙera wa ma'aikatu, an ba ka ɗaki naka a cikin wata aisi da ba ta mantuwa, da wuta ko babu wuta. Shi ya sa nake murmushi duk lokacin da na faɗi matsalata a majalisa, domin kafin in rufe baki wani ya ce, “Ai batir za ka cire.” Ɗalibi ya faɗa, mai shayi ya faɗa, har wani dattijo da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya faɗa da cikakken yaƙini. Abin da ba su sani ba, a wasu ThinkPad in aka cire batir ɗin, agogon ciki ne ke ɓacewa, kwamfutar ta ce ba za ta ƙara motsi ba sai an shiga an gyara kwanan wata, wurin gyaran kuma yana bayanka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: da mutum na shiga zaure, yanzu a titi zai tsaya.

Da na ga haka sai na nemi wanda ya kawo ka aiki, wato yaron da ke kula mana da kwamfutoci. Yaro ne mai ladabi, Allah ya yi masa albarka, amma ya riga ya ƙetare teku neman na tuwo. Da ya ga saƙona sai ya aiko da muryarsa cike da tausayi, ya ce kalmomin duk suna cikin wani kundi a babbar kwamfutar ofis, ita kuma an share ta tas kafin a rufe, kamar yadda doka ta ce. Sai ya ba ni shawara in gwada sunan ofishin da 123 a ƙarshe, in bai yi ba in sa babban baƙi a farko, in bai yi ba in gwada sunan wanda ya gada, domin mai yiwuwa shi ya ɗaura ka. Baba, ka ji irin mutanen da kake wa biyayya. Su kansu sun manta abin da suka ce ka jira.

Masu ƙera ku ma na karanta sharuɗɗansu, ba zan faɗi daga wane gida ka fito ba don kada a ce na ɓata zuri'a. Dell tana manna wa kowace kwamfuta lambar shaida mai baƙaƙe da alƙaluma 7, kuma tana iya ba da kalmar sakin kulle ga wanda ya tabbatar shi ne mai kaya. Sai dai a rajistarsu mai kaya shi ne wanda ya saya tun farko, har sai an cike takardar sauya mallaka. Littafin ThinkPad na Lenovo bai ɓoye komai ba: in aka manta kalmar mai kula, ba za su iya sake ta ba, sai dai a canza bod ɗin gaba ɗaya, a zo da shaidar saye, a kuma biya. Apple, a kwamfutocinta masu injin Intel, hoton kwaɗo take nuna wa mutum, ta ce ya je shagonta ko wurin wakilinta da rasit na asali. Duk sun yi daidai a ƙa'ida. Amma rasit na asali da sunan ofis aka yanke shi, ofis kuwa na gaya maka halin da yake ciki. Kuɗin sabon bod kuma, a tsohuwar kwamfuta, yakan kusa kamo kuɗin kwamfutar kanta.

Akwai kuma 'yan intanet. Wasu shafuka ana ba su lambar da kake nunawa bayan ka ƙame, su lissafo kalmar dangi. Ga tsofaffin ƙira abin yana ci, ga sababbi an toshe wannan kafa. A nan ne wasu bayin Allah ke tsugune suna cewa a turo dala tukuna. Ban tura ba. Ko a kasuwar Kurmi ba na biyan kuɗin kayan da ban gani ba.

Wanda ya yi mini maganar da ta kama hankali wani mai gyara ne a Beirut Road, a nan Kano. Kafin ya taɓa sukuru ko ɗaya sai da ya ce, “Alhaji, ina takardarta?” Na miƙa, ya karanta har ƙasa, ya haɗa lambar jikin takarda da ta gindin kwamfuta. Wallahi sai na ji ya ƙara girma a idona, domin ya san yawan waɗanda kayan sata ya kai bayan kanta a wannan sana'a. Sannan ya shimfiɗa mini hanya biyu. Ta farko, a haura ta katanga: a zare ma'ajiyar, in ba mannanniya ba ce, a zuba mata Windows a wata kwamfutar, a dawo da ita. Sau da yawa hakan na yi. Amma kana nan daram a bakin ƙofa, ranar da wani abu ya lalace a dawo gidan jiya, ranar sayarwa kuma mai saye ya gan ka ya rage rabin kuɗi. Ta biyu ita ce tiyata. A buɗe ciki, a nemo 'yar aisin nan mai ƙafa takwas, a maƙala mata wata na'ura da suke kira CH341A, a kwafe abin da ke cikinta a adana, a share wurin da kake kwana, a mayar da sauran. In hannu ya goce, ko aka ba ta wutar da ta fi ƙarfinta, kwamfuta ta mutu murus. In an zuba mata kwafin wata, tana iya tashi ba lambar shaida, ba kuma lasisin Windows, domin tun zamanin Windows 8 a 2012 a nan ciki masu ƙira ke ɓoye shi. A wasu sababbin ma ka ƙaura zuwa wata aisin dabam da wannan na'ura ba ta isa gare ta.

Har ila yau ya gargaɗe ni cewa ba kai kaɗai ba ne a gidan. Akwai ƙaninka mai kulle ma'ajiya ita kanta. Akwai BitLocker, wanda in ya ga an taɓa saitin ƙofa sai ya nemi alƙaluma 48, ba ragi. Akwai wanda ake kira Autopilot, shi kuma sai an gama wahalar zuba sabon Windows, an haɗa da intanet, sannan ya fito da fara'a ya yi wa mutum maraba da sunan tsohon ofishinsa, ya ce ya shiga da lambar ma'aikata. Wato dai zuri'a ce guda aka ɗauka aiki, kuma babu wanda aka sallama a cikinku.

Kada ka ɗauka ban san darajarka ba. A garin da ake fizge waya a hannun mutum yana cikin adaidaita, duk abin da zai sa kayan sata ya yi kwantai abin so ne. Wannan kwamfuta ta taɓa ɗaukar sunayen marasa lafiya da albashin mutane, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a. Da ɓarawo ne ya zo maka, ni da kaina zan yi maka jinjina. Sai dai gaskiya ɗaya mai ɗaci, Baba: ba kai ke tsare waɗancan bayanai ba. Mai son su zai zare ma'ajiya ya wuce ta gabanka, in akwai mai hana shi to BitLocker ne. Kai ƙarfe da roba kake gadi, su ne kuma aka sayar mini.

Saboda haka ba kai na fi ganin laifi ba. Laifin na masu miƙa kaya ne, waɗanda za su kwana suna ƙirga kujeru da labule, su buga hatimi a kowane shafi, amma su kasa zama na minti biyu su sauke ka daga aiki, alhali mai kalmar yana nan bai tafi ba. Ba a ofishinmu kaɗai ba. Kwantena-kwantena na kwamfutocin da ma'aikatun Turai da Amurka suka yi wa ritaya suna sauka Legas, su bi ta Computer Village a Ikeja su iso Arewa, kuma a cikinsu akwai 'yan'uwanka da yawa, kowa na jiran kalmar wani bature da ya canza aiki tuntuni. Masu lafiya ƙalau ake farkewa a sayar da allo dabam, kibod dabam. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki. Ban ce duk aikinku ba ne, amma kuna da kaso.

Ga matsayata. Ba zan yi maka zagi ba, ba kuma zan ci gaba da yi maka kame-kamen sunaye ba. Zan sake rubuta wa hedikwatar masu tallafin, in roƙi takardar sauya mallaka, ko Allah zai sa a sami mai amsawa. In shiru ya yi yawa, zan ɗauki takardata mai hatimi in koma Beirut Road, a yi tiyatar, bayan an adana kwafinka a wuri mai kyau. Ka ɗauke ta a matsayin ritaya. Garatuti dai babu, domin nawa ma a kanka ya ƙare.

Ka huta lafiya.

Ni ne naka,
Mai Kwamfuta a Takarda.

Kwafi zuwa ga duk mai shirin karɓar kwamfuta daga ofis ko saye a kasuwa: kafin ka sa hannu ko ka zaro kuɗi, kunna ta a gaban mai ba ka, ka danna F2 in Dell ce, F1 in ThinkPad ce, F10 in HP ce, ka shiga ka canza wani saiti ka gani ko zai karɓu. Sannan a haɗa ta da intanet ka ga sunan wa za ta kira. In Baba ya leƙo, a sallame shi a nan take, ko kuma ka bar musu kayansu.